Ƙusa, Gishiri da Ƙafar Hagu

Da wuya ka sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai yi wasan hajijiya ba. Ka buɗe hannuwa a tsakar gida, ka yi ta juyi har katanga ta fara gudu, rijiya ta koma inda turmi yake, sannan ka zube ƙasa kana dariya, Inna daga madafi tana cewa ka bari kada ka yi amai. Kowa ya san inda wasan yake ƙarewa, a ƙasa ne. Shi ya sa ranar da na fara ganin muridan Maulawiyya na ƙasar Turkiyya suna juyinsu, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsayawarsu. Mutum ya daɗe yana juyawa a kan ƙafa guda, farar rigarsa ta buɗe kamar laima, kiɗa ya sauya, sai ya tsaya cak, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya rusuna, ko tangaɗi babu. Na ce lallai akwai wanda ya koya wa wannan jiki abin da namu bai sani ba.

Su dai ba sa kiran abin rawa. Sunansa a bakinsu sema, daga kalmar Larabci mai nufin sauraro, kuma zikiri ne suke yi da jiki gaba ɗaya. Ana jingina shi ga Maulana Jalaluddin Rumi, wanda aka haifa a 1207 a yankin Balkh, ya taso cikin hijira tare da mahaifinsa Baha'uddin Walad, har suka yada zango a birnin Konya a zamanin sarakunan Saljuk. Malamin fiƙihu ne da wa'azi, mai zaure cike da ɗalibai, kafin wani baƙo mai suna Shamsuddin na Tabriz ya iso garin a 1244 ya birkita masa lissafi. Bayan 'yan shekaru Shamsu ya ɓace, Maulana kuma ya koma mutumin baituka da sauraro. Masu tarihin ɗariƙar suna ba da labarin wata rana da ya bi ta layin maƙeran zinariya, ya ji masaɓu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a shagon abokinsa Salahuddin Zarkub, sai ya ji sunan Allah a cikin bugun, ya ɗaga hannu ya fara juyawa a tsakiyar kasuwa. Salahuddin ya ce wa yaransa kada su daina bugu, ko da zinariyar za ta lalace.

Juyin Maulana na shauƙi ne, yana zuwa masa ba tare da sallama ba, a titi ko a majalisi. Abin da muke gani yau aikin magadansa ne. Bayan rasuwarsa ranar 17 ga Disamba 1273, ɗansa Sultan Walad ya tsara muridai suka zama ɗariƙa, sannan a ƙarni na 15, zamanin Pir Adil Celebi, aka zaunar da tsarin sema kusan yadda yake a yanzu. Nan ne nake ganin babbar gwaninta. Sun ɗauki abin da yake faɗo wa mutum ɗaya kamar ruwan bazara, suka haƙa masa magudana, har ya zama abin da malami zai iya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya koya wa nasa, shekaru ɗaruruwa.

Kuma koyon a madafi yake farawa. A manyan zawiyoyin Maulawiyya, irin ta Konya da ta Galata a Santambul wadda aka kafa a 1491, wanda ya zo neman shiga ba a kai shi filin juyi. Ana zaunar da shi a kan wani buzu kusa da ƙofar madafi har kwana uku, yana kallon yadda ake aiki, su ma suna kallonsa. Idan aka ga bai dace ba, babu mai gaya masa baƙar magana. Takalmansa kawai za a juya su fuskanci waje, ya gane, ya tafi da mutuncinsa. Idan aka karɓe shi, sai ya shiga hidima ta kwana 1001, wadda suke kira cile. An kasa ayyukan gida 18: ɗan aike, mai shara, mai kunna fitilu, mai wanke-wanke, mai cefane, mai shimfiɗa abinci, haka dai har zuwa wankin ban-ɗaki, wanda sau da yawa sai muridi ya kusa gamawa ake ba shi, daidai lokacin da zuciya za ta fara raya masa cewa ya zama wani abu. Idan ya kwana a waje ba da izini ba, cilensa ya karye, lissafi ya koma farko. Wanda ke riƙe da tarbiyyar sababbin muridai kuwa laƙabinsa shugaban masu dafa abinci, gadon Ateshbaz Wali, mai girkin Maulana, wanda hubbarensa yake nan a unguwar Meram ta Konya har yau. Ma'anar a fili take, mutum ɗanye yake zuwa, dafa shi ake yi.

Akwai wata al'adarsu ta cin abinci da ba na gajiya da tunawa. Suna zama a kewaye da akushi ɗaya, shiru, su fara da gishiri su ƙare da gishiri. Idan ɗaya ya nemi ruwa, duk sauran sai su ajiye cokulansu har ya gama sha, don kada wani ya riga shi ko da loma guda. Ko a harshe suna da irin wannan taka-tsantsan. Ba a cewa a kashe fitila, sai dai a ce a hutar da ita, kunnawa kuma a ce a tashe ta. Wanda ya kwashe kusan shekara uku yana ajiye cokali saboda ɗan'uwansa, ranar da ya shiga fili da mutum goma sha suna juyawa, rigarsa ba za ta taɓa ta kowa ba. Ni a nan nake ganin asalin abin.

A cikin wannan madafin ake ajiye allon koyo. Katako ne mai sulɓi, faɗinsa kamar mita ɗaya ta kowane gefe, da ƙusa mai mulmulallen kai a tsakiya. Ɗalibi zai cire takalmi, a barbaɗa gishiri a gindin ƙusar, ya sa ta tsakanin babban yatsan ƙafarsa ta hagu da mai bi masa. Gishirin yana sa ƙafa ta zame a kan katako, yana kuma taimaka wa fatar da ƙusa ke ci kullum har ta yi kanta. Hannuwa a naɗe suke a ƙirji, na dama a kan na hagu, yatsu a kafaɗu. Daga nan sai darasi. Ƙafar hagu ba ta barin ƙasa, gwiwarta a miƙe. Sunanta direk, wato ginshiƙi, kuma duk Bahaushen da ya taɓa kafa rumfa zai ji dirka a kunnensa. Ƙafar dama ita ce cark, mai juyawa. Ita za ta tashi, ta kewaya ta gaban 'yar'uwarta, ta tura jiki zuwa hagu, ta sauka daidai inda ta tashi. Da fari kwata-kwata ake yi, sai rabi, sai cikakken kewaye a taku ɗaya. Kowane kewaye kuma da sunan Allah a zuci, gaɓar farko lokacin da ƙafa ta tashi, ta biyu lokacin da ta sauka.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya san wannan lissafin. Mazari yana gudu ne saboda tsininsa yana wuri guda. Da zarar tsinin ya goce, sai ya yi tangaɗi ya faɗi, zare ya tsinke. Ƙusar nan ba ta yarda da ko ɗan goce. Idan nauyin ɗalibi ya karkata gaba ko baya, yatsunsa ne za su gaya masa tun kafin malam ya buɗe baki. Makonni ana wannan, jiri yana zuwa, zuciya tana tashi, ana hutawa ana komawa. Sai ƙafa ta zauna sannan a ɗauke shi daga allon a sauke shi ƙasa, sannan a koya masa buɗe hannuwa, wanda shi ma wata azaba ce ta daban, domin riƙe hannu sama da kafaɗa na dogon lokaci ba tare da ya yi sanyi ya sauko ba yana buƙatar ƙwanji. Daga ƙarshe a ɗaura masa riga ya koyi buɗe ta.

Batun jiri yana da bayani. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai yana juyawa. Idan ka daɗe kana juyi ruwan yakan bi ka, in ka tsaya kwatsam shi bai tsaya ba, sai kunne ya ce ana tafiya, ido ya ce an tsaya, kai kuma ka faɗi a tsakani. 'Yan rawar bale na Turai suna da dabararsu, sukan kafa ido a wuri ɗaya su riƙa fizgar kai a kowane kewaye. Mai sema ba ya haka. Kansa da gangar jikinsa tare suke tafiya kamar an sassaƙa su daga itace ɗaya. Yakan ɗan kwantar da kai wajen kafaɗar dama, ya juya fuska kaɗan zuwa hagu, ido rabi a rufe, kallo a sake yana bin babban yatsan hannun hagu, wanda tare suke juyawa, don haka a wurinsa yatsan a tsaye yake. Saurinsa ɗaya ne, babu fizga, babu birki. Sauran kuwa sabo ne, ƙwaƙwalwa takan koyi rage sauraron ƙarar da kunne ke kai mata idan an maimaita mata abu yau da gobe. Ba a shiga fili da cikakken ciki, wannan ma yana cikin ilimin.

Kayan da suke sawa wa'azi ne da kansu. Doguwar hular gashi mai ruwan ƙasa, sikke, tana tuna dutsen da Turkawa ke kafawa a kan kabari. Baƙar alkyabba, hirka, kabarin ne. Farar rigar ciki mai faɗin gindi, tennure, likkafani. A ƙafa huffi ne na fata mai laushi. An yanka rigar ta yadda bakinta yake da ɗan nauyi, shi ya sa idan juyi ya daidaita takan tashi ta tsaya a iska tana kaɗawa a hankali. Mai ido yana iya karanta ƙafar mutum daga rigarsa: in direk ya zauna, bakin riga yana tafiya sumul, in ya goce, sai ta yi ta faɗuwa tana tashi.

Na san akwai mai karatu da tun ɗazu yake cewa a ransa, kiɗa da juyi a cikin ibada? Tambayar tsohuwa ce, kuma malamai manya sun tsaya a kowane ɓangare. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban sauraro, ya halatta shi da sharuɗɗa. Ibnu Taimiyya ya yi inkarinsa da ƙarfi. Mu ma a gida mun san wannan muhawara, duk wanda ya taɓa tsayawa a Kano ranar Maukibin Ƙadiriyya ya ji bandiri yana tashi, ya kuma ji abin da ake faɗa a kansa a wasu zaurukan. Ba ni da matsayin raba wannan gardama. Abin da zan iya shaida shi ne wanda ya zaci sema wata sakin jiki ce, mutum ya fita hayyacinsa ya yi ta tambele, bai kalle ta da kyau ba. Ban taɓa ganin taron da aka ƙulle shi da ƙa'ida kamar wannan ba.

Dubi yadda ake shiga. Ana shimfiɗa jan buzu a gefen alƙibla, nan shehu yake tsayawa. Daga buzun zuwa ƙofa akwai wani layi da ba a zana ba, amma kowa ya san inda yake, kuma babu mai taka shi sai shehu. Ana buɗewa da yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, murya ɗaya ba kiɗa, da karin da Buhurizade Mustafa Itri ya ɗora masa, mutumin da ya rasu a farkon ƙarni na 18. Sai a ɗan buga kudum, wasu tagwayen ƙananan tambura. Sai sarewa ta karɓa ita kaɗai. Sunanta ney, kara ce mai gaɓa tara da huda bakwai, ana busa ta a karkace, kuma muryarta rabi sauti ce rabi numfashi. Daga nan muridai su bugi ƙasa da tafukansu gaba ɗaya, su miƙe, su bi shehu a kewaya fili sau uku da wata tafiya mai nauyi da aka sa wa sunan Sultan Walad. Duk wanda ya iso gaban buzu sai ya juyo ya fuskanci na bayansa, su dubi juna, su rusuna wa juna. Babba da yaro, tsohon muridi da wanda jiya ya sauka daga allo, rusunawa ɗaya ce.

Sannan su zubar da baƙaƙen alkyabbu. Kowa ya zo gaban shehu hannuwa a naɗe, babban yatsan ƙafar dama a kan na hagu, ya sumbaci hannunsa, shi kuma ya sumbaci hularsa. Taku biyu uku, juyi ya fara. Hannuwa su sauko daga kafaɗu, su bi jiki, su hau ta gefen fuska da hula, su buɗe. Tafin dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa. Suna cewa abin da aka karɓa daga Ubangiji ake miƙa wa bayi, ba a riƙe komai.

A tsakiyar wannan farin taro akwai mutum ɗaya da bai cire baƙar alkyabbarsa ba, kuma ba ya juyi. Shi ne semazenbashi, shugaban masu juyi, kuma idan ka sami damar kallon sema ina roƙonka ka ba shi minti biyar na idonka. Tun a gaban shehu yake fara aiki. Yana tsaye a gefe, da ɗan motsin ƙafarsa kawai yake nuna wa kowane muridi inda zai nufa, tsakiya ko gefe. Bayan haka sai ya riƙa ratsawa a tsakaninsu a hankali, kamar makiyayi a cikin garke. Mutanen nan idonsu rabi a rufe yake, kowannensu yana juyawa a kan kansa kuma yana kewaya fili, riguna a buɗe suna cin wuri. In wani ya matso kusa da ɗan'uwansa, sai ya tsaya a inda zai sa shi ya ja baya. In wani ya fara zarce kiɗa, shauƙi yana neman ɗauke shi, sai ya matso kusa da shi ko ya ɗan buga ƙafa a ƙasa, mutumin ya dawo. Ba ya magana, ba ya taɓa kowa. Shekarun da ya yi a kan ƙusa su ne suka ba shi idon da yake gane ƙafar da za ta goce tun ba ta goce ba.

Sau huɗu ake juyin, kowanne ana kiransa selam, kuma kowanne da nasa awon kiɗa. Manyan mawaƙan Daular Usmaniyya ta Turkawa sun zuba basirarsu a nan. Isma'il Dede Efendi, wanda ya rasu a Mina a 1846 yana aikin Hajji, shi kansa ya yi cilensa a zawiyar Yenikapi, kuma ya bar kiɗan sema cikakku guda bakwai. Sarki Salim na Uku ma ya tsara ɗaya. A ƙarshen kowane selam kiɗa yakan juya ba tare da dogon gargaɗi ba, masu juyi su tsaya nan take, su koma gefe bibbiyu ko uku-uku, kafaɗa jingine da kafaɗa. Wannan jinginar tana burge ni ƙwarai. Tsarin ya san cewa jiki jiki ne, duk ƙwarewar mutum ƙasa tana iya ɗan motsa masa, sai aka tanadar masa kafaɗar ɗan'uwa, aka mai da ita ladabi, yadda babu wanda zai gane wa ke tallafe da wa.

Sarƙar ta taɓa tsinkewa. A 1925 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta yi dokar rufe zawiyoyi da hubbarori a duk faɗin Turkiyya. Zawiyar Konya ta koma gidan tarihi, shugabancin ɗariƙar ya ƙaura zuwa Halab ta Siriya na wani lokaci, madafai suka mutu. Sai a farkon shekarun 1950 aka yarda a riƙa yin sema a bainar jama'a a Konya, a watan Disamba, da sunan bikin tunawa da Maulana. Tsofaffin da suka san abin tun kafin doka su suka fito suka koyar da samari. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya sema cikin fitattun al'adun gado na 'yan Adam. Yau duk shekara jama'a suna cika Konya a cikin sanyin Disamba, har zuwa daren 17 ga wata da suke kira daren angwanci, domin haka Maulana ya ɗauki mutuwarsa. Allon ƙusa ya tsira, ana koyo a kansa har yanzu. Kwana 1001 na madafi ne bai dawo ba, kuma ina jin zafin wannan rashi idan na ga an ɗauko mai farar riga yana juyi a gidan abinci, mutane suna tauna nama suna ɗaga waya. Ƙafarsa tana iya zama daidai, amma babu buzu, babu wanda ya rusuna masa, babu wanda zai jingina da shi in ya tsaya.

Inda ake yin abin da cikarsa, selam na huɗu ne ake jira. A nan babu kewaya fili. Kowa ya kama wurinsa a gefe, ya kafa direk, yana juyawa a kan tabo ɗaya kamar ƙusar tana nan tsakanin yatsunsa. Shehu, wanda tun farko yake tsaye a kan buzu, sai ya taka wannan layin da ba a zana ba, ya nufo tsakiya. Ba ya cire alkyabba, ba ya buɗe hannuwa. Yakan kama bakin alkyabbar da hannun dama ya ɗan buɗe ta wajen ƙirji, ya fara juyawa a hankali, a hankali ƙwarai, sau da yawa dattijo ne mai furfura, fararen riguna suna gudu a kewaye da shi. Sarewa ta rage ita kaɗai. Yana komawa buzunsa taku bayan taku, yana isa sarewa ta yi shiru, mai karatu ya ja Basmala. Duk inda ƙafar dama take a wannan lokacin nan take sauka. Riguna su faɗo, mutane su durƙusa a inda suke, gumi yana ɗiga daga ƙarƙashin huluna, wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yafa musu baƙaƙen alkyabbunsu a kafaɗa, ana sauraron Alƙur'ani.